Ranar da Baba Ya Tsallake Layi

Babana, Elmer Voskuil, shekara tara yana koci a kwalejin garinmu a Iowa. Da kaka yakan koyar da zari-ruga, da hunturu ƙwallon kwando a ɗakin ƙasan coci, inda wani ginshiƙi ke tsaye tsakiyar fili, sai dai a kewaye shi. Shi ke zana layi da farar ƙasa, shi ke ɗinke hulunan fatar 'yan wasa. Yau ko hotonsa babu a bangon kwalejin.

A zamanin, doka ta hana koci magana da 'yan wasa in an fara. Nasa zaman benci, fili na kyaftin ne. Wasu kociyoyin sukan ɗaga hula ko su yi tari, duk alama ce. Baba ko atishawa riƙewa yake, don tsabar bin doka.

A 1916 shugaban kwalejin ya gaya masa ƙiri-ƙiri: in kwalejin maƙwabtanmu ta sake cinye mu a wasan shekara-shekara na ranar bikin Godiya, ya nemi wani aikin. Shekarata sha biyu, ina tsaye bayan bencinsa ranar.

Muna gaba da maki biyu aka bugi kyaftin ɗinmu, Harlan Dykstra, a ka. Ya tashi yana tangaɗi, ya je ya shiga layin abokan gaba. 'Yan kallo suka kwashe da dariya.

"Harlan, 'yan matan can ne suka fi burge ka?" in ji wani.

Baba ya miƙe ya tsallake layi.

"Koci, koma!" in ji alƙalin wasa. "Tarar yadi sha biyar ce a kanku, ka sani."

"Na sani." Ya kama hannun Harlan. "Ɗana, yau wace rana ce?"

"Koci, an tatsi shanun kuwa?"

Baba ya jawo shi waje. Alƙali ya auna wa abokan gaba yadi sha biyar zuwa gefenmu, suka buga ƙwallo ta bi tsakanin sanduna, maki uku, suka cinye mu da maki ɗaya. Shi ke nan.

Ran Litinin Baba ya kwaso kayansa daga kwalejin a kwandon wankin Mama. Shekara ashirin da shida yana awon masara a rumbun gari. Bai ƙara zuwa kallon wasa ba, bai taɓa ɗaga zancen ba, mu ma ba mu ɗaga ba.

Harlan ya warke, ya yi arziki a cinikin motoci. Bara aka sa wa filin wasan kwalejin sunansa, da manyan haruffa. Watan jiya ya zo jana'izar Baba, ya riƙe min hannu a ƙofar coci.

"Wilma 'yar Koci! Ni fa ban tuna komai na ranar nan ba. An dai ce da ya bar ni, da mun ci."

"Haka aka ce," na ce.

Na nuna masa inda ake zuba kofi, na koma ciki na tattara kujeru.