Malam Sodangi da Takardar 'Yar Fari

Duk wanda ya taɓa zuwa ofishin ilimi na garin Isa da sassafe ya san abin da zai tarar kafin masinja ya iso da makulli: wani tsohon babur jingine a gindin dalbejiya, tabarma a shimfiɗe, da wani siririn mutum yana goge tabarau da bakin rigarsa. Malam Sodangi ke nan. Baburin ya girmi rabin ma'aikatan ofishin, in ya tashi kuwa sai ka rantse ana jin tarinsa a Bafarawa. Tabarmar ta baƙi ce, samari da 'yan mata da suka taso daga Maraɗi ko Tibiri, kowa rungume da takardunsa a cikin leda. Tambayarsa ta farko ita ce ko sun karya. In ba su karya ba, ba ya duba takardar kowa sai an kawo koko. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana ji da kunnensa, ko da yake na san sai ya yi mini faɗa.

Mu mutanen bakin iyaka, iyakar ta zo ta same mu ne da dangi a kowane gefe. Yaro zai yi karatu a Nijar cikin Faransanci, ya ci jarrabawar ƙarshen sakandare da suke kira bak, sannan ya dawo gida yana son shiga jami'a a nan. Karatun mai bak ya kai a ɗauke masa jarrabawar shiga, a kuma tsallake masa shekarar farko. Amma sai an sami wanda zai fassara takardar, ya auna kowane darasi da namu, ya kai Sakkwato, ya tsaya gaban kwamiti ya ce ya tsaya wa yaron. Malam Sodangi akawu aka ɗauke shi, ba wanda ya ɗora masa wannan aiki. Ya dai yi ƙuruciya a Maraɗi wajen kakarsa, ya iya Faransanci, ya kuma gaji da ganin yara suna komawa gona da bak a ƙarƙashin katifa.

Kada a ɗauka mai sauƙi ne. Ba ya tsaya wa takarda sai ya zaunar da mai ita ya yi masa tambayoyi har gumi ya keto masa. Wani attajiri ya taɓa zuwa da ɗansa da takarda mai sheƙi da rago a bayan mota. Malam ya yi wa yaron tambaya ɗaya, yaro ya yi tsuru-tsuru. Sai ya ce, "Alhaji, koma da ragonka. Shi da ɗanka Faransancinsu guda na." Har yau ana ba da labarin a tasha.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a farin nan na shekarar tamanin da huɗu, da ruwa ya ƙi sauka, lokacin ina koyarwa a firamaren Gangara. Wanda ya gani ba ya son tunawa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Shanu suna faɗuwa a bakin rijiya. An rufe iyaka, da bazara ta zagayo kuma aka shiga kwashe baƙi a manyan motoci ana mayar da su ƙasashensu.

A Gangara akwai wani Bafillace mai noma da kiwo, Labbo. Yana da 'yar fari, Saudatu. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Labbo ta wuce misali. Bai taɓa kiran sunanta ba, in ta kama dole sai ya ce "waccan". In ta shigo ta nan, ya fita ta can. Ana yaye ta aka ba ƙanwarsa Habi riƙo, ita kuwa tana aure a Tibiri wajen wani malamin asibiti, Halliru. Da lokacin makaranta ya yi, Halliru ya rubuta ta da sunansa, haihuwar Tibiri, kamar yadda kowane uban riƙo zai yi. Ba wanda ya ga aibu. Uwar yarinyar ta daɗe da rasuwa. A shekarar farin nan, Saudatu ta ci bak, Halliru ya rasu, abinci ya ƙare musu, ita da Habi suka biyo jakunan fatake ta daji suka dawo Gangara.

Malam Sodangi ya zaunar da ita a tabarmarsa, ya yi mata tambayoyinsa, ya tashi yana murna kamar shi ya ci jarrabawar. Ya kai takardar Sakkwato, aka yarda a sa ta aji biyu a fannin haɗa magunguna. Sai wani ya duba ya ce, to ai wannan ba 'yar ƙasa ba ce: uba Halliru, haihuwar Tibiri. In ta tabbata baƙuwa ce, ba gurbi, ba tallafin karatu. Abin bai tsaya nan ba. Ta shigo iyaka na rufe, ke nan ita ma motar baƙi za a sa ta, a kai ta inda ba ta da kowa sai kabarin Halliru. Aka turo jami'in tantancewa, Malam Ɗanmusa, ya zo ya ji daga bakin uban.

Ina zauren mai gari ranar. Zaure ya cika da dattawa, har da surukan Labbo. Malam Ɗanmusa ya buɗe fayil ya ce, "Malam Labbo, wagga yarinya ɗiyar wa ta?"

Labbo ya dubi ƙasa. "Ɗiyar Halliru ta."

"Ba kai kah haihe ta ba?"

Labbo ya ja rawani ya rufe baki. "Ni shanu gare ni," in ji shi. Ya tashi ya fice.

Zaure ya kaure, kowa na cewa kunya ce, kunya ce. Malam Ɗanmusa ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Ya bari muka yi shiru, sannan ya ce, "Na san kunya, ni ma cikin Hausa anka haihe ni. Amma bana ba gari guda ba, ba biyu ba, anka ce min kunya ta, daga baya ta tabbata uban haya anka ɗauko. Takarda ta ce Halliru. Uba ya ce Halliru. Mi kuka so in rubuta?"

 Na ga Saudatu a bakin ƙofa ta dafa bango. Sai Malam Sodangi ya miƙe ya ɗora hannu a kan fayil ɗin.

"Yallaɓai, kak ka rubuta tukuna. Ran kasuwar Isa za ka koma, ba ni zuwa ranar. In ban kawo shi ya hwaɗi da bakinai ba, rubuta sunana tare da nata, ka ce ni nik kawo takardar ƙarya."

Mun san ma'anar wannan. Aikinsa ne ya ajiye, wataƙila har da gidan yari, ga shi da iyali a shekarar da kwanon gero ya fi ƙarfin albashi. Na ja shi gefe na ce, "Sodangi, kana da hankali kuwa?" Ya ce, "In na dawo za ni nemo shi."

Washegari aka wayi gari Labbo ya kora ragowar shanunsa ya yi kudu, shi da ƙanensa Illo. Wasu sun ce dama ya shirya tafiya, ni na ce gudu ya yi. Malam Sodangi ya bi su a babur. Baburin ya kai shi gaba da Bafarawa ya ce shi fa iyakarsa ke nan. Malam ya jingine shi a wani gida ya ci gaba a ƙafa, yana tambaya rijiya-rijiya.

Abin da ya faru can daga bakin Illo na ji. Malam ya same su a wata busasshiyar fadama suna fama da wata saniya da ta kwanta ta kasa tashi, Labbo a wutsiya, Illo a ƙaho. Saniyar da yunwa ta kayar, in ba a ɗaga ta kowace safiya ba, kwanciyar ke nan.  Malam ya tuɓe riga ya sa kafaɗa, suka ɗaga ta. Ya kwana tare da su, da safe suka sake ɗagawa. Illo ya ce har ya fara zaton mutumin ya manta abin da ya kawo shi.

A shekarar mahauta bin garke suke yi, suna sayen saniya mai shirin mutuwa da kuɗin kaza. Labbo ya sayar musu da wasu, amma da suka taya wannan sai ya daka musu tsawa. Malam ya ce, "Baffa, don mi ba ka saida wagga? Ta hi sauran gajiya."

"Ba tawa ba ta."

"Ta wa ta?"

Labbo ya kau da kai. Illo ne ya ce jikar karsanar nan ce da aka ba Saudatu ran suna.

Sai Malam Sodangi ya ce, "Baffa, kullum sahe kana ɗaga saniyatta. Ita mai saniyar tana kwance Gangara. Ni na kama ƙaho, na ja iya ƙarhina. Ba ta tashi sai an kama wutsiya, kuma ba wanda aka yarda shi kama in ba kai ba."

"Malam, gaban mutane? Da wane ido za ni dubi dangi?"

"Sau guda, Baffa. Ba ni roƙon ka na biyu."

Labbo ya dubi saniyar. Ya san in ya tafi, Illo shi kaɗai ba zai iya ɗaga ta ba.

Ran kasuwar Isa muka taru a gindin dalbejiyar nan tun hantsi. Saudatu da Habi suna kan tabarma, Habi har ta ƙulle musu kaya. Azahar ta yi, ba su ba labarinsu. Wata babbar mota ta wuce ta titi cike da mutanen da za a kai iyaka, mata da yara a tsaye, Saudatu ta bi ta da ido har ta ɓace. Ba na jin na taɓa jin tsoro irin na wannan yini. La'asar ta yi. Direban Malam Ɗanmusa ya tayar da mota. Malam Ɗanmusa ya buɗe fayil a kan gwiwarsa, ya cire murfin biro, ya dube ni kamar mai neman gafara.

Sai ga su a bayan wata motar gawayi. Malam Sodangi ya sauko leɓe a tsage, takalmi ɗaya a ɗaure da igiya. Labbo na biye da shi. Amma ranar kasuwa ce, kafin ka ce me mutane sun yi dafifi, har da Fulanin da suka kawo fatu. Labbo ya ga taron, ya tsaya cak, ya fara ja da baya. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Malam Sodangi ya juya ya fuskanci jama'a. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya ce, "Jama'a, shaida da kunne aka yin ta! Kowa shi juya baya!" Shi ya fara juyawa. Muka juya, dattawa da 'yan kasuwa da direba, muka fuskanci bango. Malam Ɗanmusa ma ya sunkuyar da kai kan fayil.

 Sai muka ji murya a bayanmu, a dishe.

"Ɗiyata ta. Ni nih haihe ta, ɗakin uwatta, Gangara."

"Sunanta?" in ji Malam Ɗanmusa, a hankali.

Har na ji kukan akuya daga kasuwa. Ban san tsawon lokacin da muka tsaya ba.

"Saudatu."

Daga kan tabarma wata ƙaramar murya ta ce, "Na'am, Baffa."

Ba wanda ya juyo. Ni dai ba don kunyar Labbo kaɗai na ƙi juyowa ba, hawaye ne suka hana ni, na kuwa ji na kusa da ni yana jan hanci.

Kafin Labbo ya koma fadama saniyar ta mutu. Bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba, bai kuma sake kiran sunan ba har Allah ya karɓi ransa. Saudatu ta shiga aji biyu. Yau ita ke ba da magani a wani babban asibiti, mutanen Gangara in sun je ba sa bin layi, ko da yake ta ce in daina faɗa.

Malam Sodangi, gadar bakin iyaka, kai ne ka san cewa takarda ba ta zuwa ita kaɗai, akwai mutum a bayanta, a bayan mutumin kuma akwai gida da al'adarsa. Kai ne ba ka zagi al'adar Labbo ba, ba ka kuma bari ta cinye 'yarsa ba. Ka tsaya wa yara da yawa bayan ita, wasu malamai ne yau, wasu injiniyoyi, kuma ba ka taɓa karɓar ko goro ba. Ba a yi maka ƙarin girma ba saboda wannan, ni kuwa abin yana ci mini rai, ko da kai bai dame ka ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sa ka gama lafiya, ya kuma ba baburin nan hutu.

Ku kuma matasan ofis, bana ma ruwa ya yi gardama, yara za su ci gaba da ƙetarowa da ledojinsu. Kada a naɗe tabarmar nan ranar da ya tafi. Wani cikinku ya koyi Faransanci, ya koyi tambayar ko an karya, ya kuma koyi tashi daga kujera in takarda ta gaza.

Na gaya wa Saudatu zan yi wannan rubutu, ta ce in isar maka da saƙo, Malam. Ta ce takardar digirinta in ta ɓata za a iya ba ta wata. Amma kiran nan guda ɗaya ne take da shi a duniya, kuma kai ka je ka ɗauko mata shi a ƙafa.