Na Je Gashuwa Binciken Direba

Daga Kano zuwa Nguru

Tun kafin kiran asuba na bar gida, don in samu kujera a jirgin ƙasa mai zuwa Nguru. Abin da ya tayar da ni aure ne. Hajara, 'yar marigayi yayana, ta kawo wani direba wai shi Modu, ɗan Gashuwa, ta ce shi take so. Ni ne waliyyinta, sai abin da na ce. Ni kuwa direba ba ya burge ni, balle a ce Babarbare. Mu Fulani tun kaka da kakanni muke wasa da su, mun san halinsu.

Jirgi ya yi ta tsaye-tsayensa, ba mu shiga Nguru ba sai bayan la'asar. Yaya Asabe, uwar yarinyar, ta tarbe ni da tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi. Na ce mata gobe zan tafi Gashuwa in bincika asalinsa, kuma a motarsa zan tafi, kada a gaya masa ko ni wane ne. Ta ce, "Alhaji, ka dai bi shi a hankali." Hajara ko abincin ba ta iya ci ba.

Tashar Nguru

Da hantsi aka nuna mini motarsa, wata fijo fara. Na biya naira huɗu na kama gidan gaba. Mota ta cika, amma direba bai shigo ba. Yana can yana zagaye, ya duƙa ya duba taya da birki, ya goge madubi. Wani ɗan kamasho ya ce mini haka yake kullum, tun da wani kamfanin noma da ya yi wa aiki ya tura shi Kaduna kwas ɗin tuƙi.

Da ya shigo ya yi mini sannu irin ta Barebari, ya ce, "Wushe, Baba. A ɗaura bel."

Na ce, "Ni akuya ce da za a ɗaure ni?"

Ya dubi fuskata ya yi dariya. "Baba Bafillace ne ashe. Ku da kuka saba ɗaure maraƙi, yau ɗaya ku ɗanɗana."

Na ɗaura, amma na riƙe abin a raina.

Hanyar Jajimaji

A shingen 'yan sanda na bakin gari ko takarda ba su tambaye shi ba, sun san shi. Muka kama hanya. Wata roka ɗauke da buhunan gero tana gabanmu, Modu ya bar tazara tsakaninmu da ita kamar mai bin jana'iza. Fasinjoji suka fara tsaki. Madam Ngozi, mai sayar da atamfa, ta ce daga baya, "Direba, kasuwa zai tashi fa!"

Na ce, "Yaro, a Kadunan tafiyar jaki aka koya maka?"

Ya ce, "An koya mini in bar wa kaina wurin gudu, Baba."

Mun wuce Jajimaji kaɗan, mota ta ɗan saki jiki, sai muka ji fam! Tayar gaba ta ɓangarena ta fashe. Mota ta fizgi kanta ta nufi gangare, ga wata tanka ta taho a ɗaya hannun. Kowa ya ɗauki salati, Madam na kiran Yesu. Ni kuwa na yi ta ihu, "Birki! Taka birki!" Da na ga ƙafarsa ba ta motsa ba, sai na kai hannu zan ja sitiyari.

Ya daka mini tsawa, "Cire hannunka, tsoho!"

Na cire. Ya damƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya bar mota tana rage gudu da kanta. Tanka ta wuce mu da ƙugi. Sai da gudu ya mutu ya sauke giya, ya ɗan taɓa birki, muka tsaya a kan yashi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Yana canza taya ya ce da ya danna birki a lokacin, da mota ta wuntsila da mu. A kwas ɗin, in ji shi, sai da aka sa su maimaita abin har ƙafa ta daina gaggawa. Madam ta ba shi lemo, ba ta ƙara zancen kasuwa ba.

Gashuwa

Na sauka gidan wani abokin cinikina Bahaɗeje, na kwana biyu. Na tambayi limamin unguwar su Modu, na tambayi maƙwabta, ba wanda ya faɗi aibu. Aibu ɗaya na sani, ya ce mini tsoho a gaban mutane.

Komawa

Na komo Nguru a motar wani, wanda ya yi ta falfala gudu ina addu'a. Da yamma aka kira Modu ya zo gaisuwa. Ya shigo zaure ya durƙusa, ya ɗago kai, muka haɗa ido. Nan take gumi ya karyo masa.

Ya ce, "Baba, ku yafe ni. Wallahi ban san ku ba ne."

Na ce, "Da ka san ni ne, za ka bar ni in ja sitiyarin?"

Ya sunkuyar da kai ya dubi tabarma. Ina jin numfashin Hajara a bayan ƙofa. Can ya ce, "A'a, Baba. Sai dai tsawar zan rage."

Na ce, "Ka turo manyanka, an ba ka."

Washegari jirgi ya maido ni Kano lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Yaya Asabe da mai masaukina, har da waɗanda suka koya wa Babarbare ƙin jin maganar Bafillace.