Editan da Na Gada

Yau shugabanmu ya ce in buga maƙalarsa a mujallar makarantarmu ta Ƙaura, ko in bar aikin edita. Ya rubuta cewa ya gwada sabon irin gero a Kurya Madaro, alhali tsoron ɓarayin daji ya hana shi zuwa.

Sai na tuna marigayi Malam, wanda na gada. Amininsa ya taɓa kawo irin wannan a gabana. Malam ya ɓare goro, ya mayar masa da takardunsa, ya ce, "Alhaji, manomi zai gaskata abin da muka buga ya shuka. In bai yi ba, me za mu ce mai?"

Ina da iyali, ban san mafita ba. Allah ya haskaka kabarinka, Malam, ya ba ni irin zuciyarka kafin gobe.