Idon Malam Dalhatu da Fushin Surukinsa

Duk Kurfi babu mai kyan hannu a rubutun Alƙur'ani kamar Malam Dalhatu, kuma babu wanda ake yi wa sharrin girman kai kamarsa. Alhali idonsa ne ba ya hangen nesa. Wasali komai ƙanƙantarsa tar yake ganinsa, amma mutum a tsallaken titi sai dai inuwa. Za ka ce ya sa tabarau mana? Tabɗi! Guda biyar ya zaune su, don in zai yi rubutu cirewa yake ya aje bisa buzu.

Ranar kasuwa ya wuce surukinsa, Alhaji Ilu na Wurma, ko kallo babu. Tsohon ya rantse ba zai ƙara taka gidansa ba. Rekiya, matar Malam, ta yi kuka har ta gaji.

Ɗiyarsu Surayya, mai aikin jinya a Dutsin-Ma, ta kawo labarin gyaran ido da hasken leza. "Baba, iri biyu ne. Ɗaya a ɗaga fatar saman ido, a gyara, a mayar, ka warware da wuri. Ɗayan a kankare saman, ka sha zafi na kwanaki."

Wata huɗu Malam yana auna su! Ya tambayi wanzami, ya tambayi mai gyaran agogo, kai, har direban motar Dutsin-Ma sai da ya ba da fatawa. Yau ya zaɓi ɗagawa, gobe kankarewa. Kowa a gidan ya gundura.

Da ƙyar aka ja shi wurin likita a Kano. Likitan ya duba ya ce, "Malam, a shekara hamsin, kowanne aka yi za ka hango nesa, amma rubutu sai da tabarau."

Malam ya laluba takalmansa. "Wata huɗu, babu wanda ya faɗa mini wannan? Ku bar mini idona."

Ya dawo da sabuwar dabara: duk abin da ya hango tsaye, gaishe shi yake. Rannan a hanyar Wurma ya tuɓe takalmi ya durƙusa yana "Barka da yamma, Baba," a gaban tarin kara da aka jingina da bishiya. Alhaji Ilu na bayansa bisa keke, ya tsaya yana kallo. Kunya da tausayi suka kama tsohon. Ya sauko ya riƙo hannunsa.

"Tashi, Dalhatu. Ga ni nan ta wannan gefen."