Ragon Sunan Jikata a Hannun Girkawa

Mun bar unguwarmu Glenwood ƙarfe biyar da kwata, gari bai waye ba, ni da Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi mai tuƙa taksi. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji biyu na yi a boko, shi ma rabinsa a kasuwa. Ranar sunan jikata ce, kuma na riga na cika baki gaban matata Hajiya da surukai cewa kafin la'asar rago zai shigo gida gasasshe sukutum. A gidajen hayarmu kuwa ba a hura wuta. Bara da na gwada, motar kashe gobara biyu suka zo mini cin nama.

Pleasant Garden

Mil goma, minti ashirin da biyar. Bature mai gonar tumaki ya karɓi dala ɗari da tamanin kuɗin rago, ya nuna mana bayan rumbu. Na tsaya da wuƙa a dama, waya a hagu, ina jiran liman ya raɗa suna. Shida da rabi surukina ya kira: an raɗa mata Hadiza. Na yi bisimilla na yanka. Muka feɗe, muka naɗe a leda, sai but ɗin mota.

Alhaji ya ce, "Malam Ila, idan jini ya taɓa mini kafet, kai za ka wanke."

Na ce shekara tara ina wanke kwanuka a gidan abincin Girkawa, kafet bai isa ya tsorata ni ba.

Sedgefield

Mil goma sha biyu, mun isa takwas daidai. Nan Niko ya buɗe sabon gidan abinci, fari da shuɗi, sai ƙyalli. Ɗan tsohon maigidana Kosta Bagirke ne, wanda na yi wa wankin kwanukan nan har ya rufe shago ya ce ya huta. Ranar buɗewa Niko ya rungume ni ya ce duk abin da nake so in zo. Ni kuwa na ɗauka da gaske yake.

Da ya leƙa but sai ya dafe kai.

"Kawu, kofi nake nufi! Ko sanwici! In masu duba tsafta suka ga wannan, yau za su rufe ni."

Ya nuna mini abin gashinsu: ƙarfe a tsaye, lantarki na juya curin nama. Ko cinyar ragona ba zai ɗauka ba. Alhaji yana shan kofin kyauta yana cewa in fara shirya abin da zan gaya wa Hajiya.

Sai Niko ya ce, "Je wurin Baba mana. Wata guda ke nan da ya sake buɗe tsohon wurin. Mama ce ta kore shi, wai ya ishe ta a gida."

Tsohon wuri

Mil bakwai, tara saura minti goma. Kujerun nan jajaye suna nan, fenti kawai aka sake. Ƙwai biyu da burodi da kofi dala huɗu. Kosta ya hango ni ya daka tsawa:

"Ila! Ka makara aiki da shekara uku!"

Bai tambayi komai ba, ya ɗaga ragon ya jinjina, ya ce mu kai gidansa, bayan shagon ne. Ya jawo wani dogon ƙarfe daga gareji. Na ce tsaya, ƙarfen nan ya taɓa ganin alade? Ya dafa ƙirji ya ce tun zamanin ubansa rago kaɗai yake hawa, sau ɗaya a shekara, ranar bikinsu na Ista. Duk da haka na wanke shi sau bakwai, yana tsaye yana zagina da yarensu.

Rigima ta tashi wajen shafi. Ya fito da man zaitun da lemon tsami da wani busasshen ganye, na fito da yajin ƙulina. Ya ce zan binne rago a yashi. Na ce shi zai mai da shi salak. Alhaji ya raba mu: dama tawa, hagu ta Kosta. Awa biyar muna juya ƙarfe da hannu, kowa na tsaron ɓangarensa kamar kan iyaka.

Gida

Uku da rabi muka ɗora ragon a kujerar baya, Kosta ya shiga gaba da rigarsa ta girki, ya ce sai ya ga jaririyar. Huɗu da minti biyar muka shigo Glenwood, ba a kira la'asar ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Hajiya ta dubi ragon, ta dube ni, ta ce a kawo faranti, wanda a wurinta yabo ne babba.

Kafin magariba hagu ta zama ƙashi, dama kuwa da saura. Uwar surukina ta suɗe yatsa ta ce wa ya gasa wannan ɓangaren mai tsami-tsami? Na ce mata ni ne, sirrin gidanmu ne tun kakanni. Kosta ba ya jin Hausa, sai gyaɗa kai yake yana murmushi, yana riƙe da Hadiza.

Na gode wa Allah da ya fitar da ni kunya, na gode wa Alhaji Mamman. Kosta kuma in wani ya fassara masa wannan, ya yafe mini.