Kawu Modi da Tauraron Ɗan'adam

Duk wanda ya san Kawu Modi ya san ba ya shiga fadama sai da hula da wankakkiyar riga, sai ka ce mai zuwa ɗaurin aure. In ka tambaye shi dalili, sai ya nuna sama da sanda: "Ana ɗaukar hoto, yaro. Ba ni yarda a gan ni birni da tsumma!"

Ni na san asalin abin, don ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma babur ɗina ne ya sha wahalar. Shekarar da gulbi ya cika ya shanye shinkafar mutane tun daga Sanyinna har ƙasar Kebbe, aka turo wani malamin gona, Malam Nasiru, da kwamfutarsa. Ya tara mu a ƙofar mai gari, ya ce tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoton fadamar daga sama, duk gonar da aka ga ruwa ya ci, za a ba mai ita iri ya yi noman rani.

Kawu ya kutsa cikin mutane. "Ina tawa?"

Malam Nasiru ya duba, ya sake dubawa. "Baba, girgije ya rufe wajen. Sai tauraron ya sake wucewa."

"Girgije? Shi ya cinye mini shinkafa, kuma shi za ya ɓoye shaida? Wallahi ba a yi ba!"

Washegari ya sa na kai shi gonar. Ruwa har gwiwa, amma bawan Allahn nan ya ratsa, ya kafa gora a tsakiyar gona, ya ɗaura mata farin zanen gado, ya hau kan shuri ya zauna. Da yamma matarsa, Inna Kulu, ta tare mu a zaure.

"Malam, ina zanen gadona?"

"Shina aikin gwamnati."

Kullum haka fa! Da girgije ya taso sai ya miƙe yana kaɗa sanda: "Matsa can, azzalumi!" Makiyayan da ke wucewa da shanu har tsayawa suke yi kallo. Na gaji na ce, "Kawu, an ce ko ba kowa a wurin tauraron zai ɗauka."

Ya harare ni. "Kai ka taɓa ganin an yi shari'a mai ƙara shina gida kwance?"

Da sabon hoto ya fito muka tafi Tambuwal wurin Malam Nasiru. Ga gonar nan kuwa, ruwa ya shafe ta, sai wani ɗan ɗigon fari a tsakiya. Kawu ya dangwala yatsa har kwamfutar ta girgiza.

"Ga ni nan!"

Malam Nasiru ya danne dariya. "Baba, ƙila balbela ce."

"Balbela? Ina ka taɓa ganin balbela da hula?"

Aka ba shi irinsa. Amma maƙwabcinsa na gona, Mamman Sani, bai samu ba, don kafin a sake hoton ruwa ya janye daga tasa, alhali shinkafar ta riga ta ruɓe. Kawu ya je ya yi faɗa har muryarsa ta dishe, aka ce a yi haƙuri, an rufe. Muna isowa gida ya kwance bakin buhu, ya raba irin biyu, ya ɗauki rabi da kansa ya kai ƙofar Mamman Sani.

"Karɓi. Tauraro bai gan ka ba, ni na gan ka."

Ranin nan su biyu suka yi ta ban ruwa, Kawu da ciwon gwiwarsa, yana aiki yana mita, har suka kai shinkafa rumbu.

Bara Kawu ya rasu, bayan girbi. Ran jana'izarsa Mamman Sani ya yi ta hawaye. Ya Allah, Ka gafarta wa Kawu Modi, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ya huta. Amin.