Hular da jikata ta cire mini

Da, wasan kwaikwayo abu ne da nake biyan kuɗi in zauna in kalla. Na gan shi a Kumasi da ganguna da raha, na gan shi a Yamai inda kowa ke haddace abin da aka rubuta masa. Yanzu ga shi a tsakar gidanmu a Zongo, babu takarda, har da ni a ciki.

Jikata ce ta kawo abokanta, da shugabarsu, wata malama daga unguwar Cissin. Suna son shirya wasa a kan motar goro da ta lalace a hanya, suka ce in ba su labarin tafiye-tafiyena na fataucin goro. Ina cikin nuna musu yadda ake yayyafa wa goro ruwa kada ya bushe, sai malamar ta ce, "Baba, tashi ka yi mana shi a tsaye." Na tashi, kuma ban so in sake zama ba.

Tsarinsu shi ne wani ya jefo magana, wani ya cafe ya ƙara tasa, abin da ya yi daɗi a riƙe. Suka ba ni matsayin mai goro. Amma da na buɗe baki sai yaron da aka ba matsayin direba ya rusuna ya ce, "Haka ne, Baba." Na zage shi, ya ce in yi haƙuri. Wasa ya mutu nan take. Haka muka yi ta yi, har malamar ta ja ni gefe ta ce in abin bai gyaru ba, gara in zauna cikin 'yan kallo. Raina ya ɓaci, don na riga na gayyaci abokaina na masallaci.

Washegari jikata ta zo ta bayana ta zare mini hula ta ɗora a kanta. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, ita kaɗai ke da wannan damar.

"Maigida, yau ni ce mai goro, kai ne yaron mota."

"Amarya, da furfurar tawa?"

"Furfura ce za ta tura motar? Kai, malalaci, ina ruwan da na aike ka?"

Na sosa ƙeya na ce akuya ta shanye. Direba ya kalle ni, kai babu hula, dariya ta ƙwace masa, ya ce, "Ƙarya yake, Hajiya, na gan shi yana wanka da shi." Daga nan suka yi mini caa, da Hausa da Mosanci da Faransanci, ni kuma ina ta ƙirƙiro ƙarya, kowace ta fi ta baya. Malamar tana tafi tana cewa mu riƙe akuyar.

Ranar wasa, bayan la'asar, tsakar gida ta cika har kan katanga. Wani abokina ya yi dariya sai da ya share hawaye, ya ɗaga murya ya ce a kori yaron nan.

Ba a kore ni ba. Tun daga ranar yaran nan suna gaishe ni a ƙofar gida yadda suka saba, amma da mun shiga fili sai in rataye hulata a ƙusa, su kuma su yi gardama da ni.